Tsutsar White River: Yadda Maganin Tsutsa Ya Daina Ci a Garkunan Afirka ta Kudu

A shekarar 1988 likitocin dabbobi biyu na Afirka ta Kudu, Jan van Wyk da Francois Malan, suka fitar da wani rahoto da ya tayar wa masu kiwon tumaki hankali. Sun tattaro tsutsar ciki daga gonakin kiwo, sun gwada ta, sun tarar akwai wadda ivermectin ba ya kashewa. A lokacin shekarar maganin bakwai kacal da shiga kasuwa, kuma shi ne makiyaya suke kallo a matsayin wanda ba ya ba da kunya. Ɗaya daga cikin tsutsotsin an samo ta ne a yankin White River da ke gabashin ƙasar, a lardin da yanzu ake kira Mpumalanga. Wannan ba ivermectin kaɗai ta ƙi ji ba. Dangin albendazole ma ba sa kashe ta yadda ya kamata, haka closantel da rafoxanide. Kafin a je ko'ina aka fara jin labarin manoman da suka haƙura da kiwon tumaki baki ɗaya, domin sun rasa abin da za su ɗura wa dabbobinsu.

Abin da ya ja hankalina a wannan lamari shi ne mutanen da abin ya fi shafa ba sakarkaru ba ne. Su ne manoman da suka fi kowa kula da garkensu, masu sayen magani mai kyau, masu bin shawarar da aka ba su sau da ƙafa.

Tsutsar da kanta

Sunanta a wurin masana Haemonchus contortus. Manoma masu jin harshen Afirkans suna ce mata haarwurm, wato tsutsar gashi, saboda sirantakarta. Tsawonta bai wuce santimita biyu zuwa uku ba. Tana zama a ciki na huɗu na tunkiya ko akuya, wanda yake daf da hanji, ta huda bangonsa tana shan jini. In aka fede dabbar aka duba macen da kyau, za a ga kamar an tuƙa zare fari da ja wuri ɗaya: jan hanjinta ne cike da jini, farin kuma mahaifarta ce cike da ƙwai.

Tsutsa ɗaya tana jawo asarar jini kimanin mililita 0.05 a rana. Ba wani abin a zo a gani ba ne sai an yi lissafi: dubu biyar a cikin tunkiya ɗaya, rubu'in lita ke nan kullum. Dabbar takan yi laushi, ta riƙa zama a bayan garke, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, cikin idonta ya yi fari. Sau da yawa ba ta zawo, shi ya sa mai ita ba ya farga sai ta kwanta. A lokacin da tsutsar ta yi yawa, tunkiya mai ƙiba da ake gani lafiya lau tana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Macen tana zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Ƙwan yana fita tare da kashin dabbar, in akwai ɗumi da danshi ya ƙyanƙyashe, cikin mako guda 'ya'yan sun isa kama wata dabbar. Sai su hau ganyen ciyawa su bi raɓa, tunkiya ta zo ta haɗiye su. Bayan mako uku su ma sun fara zuba nasu ƙwan. Gabashin Afirka ta Kudu yana samun ruwan samansa ne a lokacin zafi, wasu manoman kuma suna ban ruwa ga filayen kiwo su tara tumaki da yawa a ƙaramin wuri. Ba abin da tsutsar take nema da ya wuce wannan.

Yadda aka yi ta ɗura magani

Thiabendazole, na farko a dangin benzimidazole waɗanda albendazole yake cikinsu, ya fito a 1961. Zuwa 1964 an riga an ba da rahoton tsutsar da ba ta jin sa a Amurka. Levamisole ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1960. A Afirka ta Kudu rahoton farko na tsutsar da ta bijire wa dangin benzimidazole ya zo a 1975. Sai ivermectin a 1981, wanda aka samo asalinsa daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar Japan, aikin da ya sa Satoshi Omura da William Campbell suka sami kyautar Nobel a 2015. Shi ne dai maganin da ake raba wa mutane a ƙauyukanmu saboda makantar da ƙudan bakin rafi yake yaɗawa.

Shawarar da ake ba manoma a wancan zamani ba ta da sarƙaƙiya. A ɗura wa garke duka, babba da yaro, mai lafiya da maras lafiya, kowane mako uku ko huɗu a lokacin damina. In an gama kuma a kora su zuwa filin da ya huta, wanda babu 'ya'yan tsutsa a cikinsa, don kada su sake kwasa. A ido wannan rigakafi ne mai kyau, kuma shekaru da dama ya yi aiki: tumaki suka yi ƙiba, mutuwa ta ragu. In magani ɗaya ya fara sanyi sai a koma wani. Kowa ya ɗauka kamfanoni za su ci gaba da kawo sabo.

Binciken da van Wyk da abokan aikinsa suka buga a 1999 ya nuna inda aka kwana. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a ƙirga ƙwan tsutsa a kashin tumaki ta madubin likita, a ba su magani, bayan kwana goma zuwa sha huɗu a sake ƙirgawa. Maganin kirki ya kamata ya rage ƙwan da kashi 95 cikin 100 ko fiye. A manyan yankunan kiwon tumaki, kusan duk gonar da aka gwada akwai aƙalla dangin magani ɗaya da ya gaza, a gonaki da yawa kuma biyu ko uku. Levamisole ne ya fi sauran riƙe ƙarfinsa.

Magani rariya ne

Mutane sukan ce tsutsar ta saba da maganin. Wannan magana tana ɓatar da mai sauraro, domin tana sa a ɗauka kowace tsutsa tana ƙara tauri ne a hankali, kamar yadda hannun manomi yake yin kanta. Ba haka abin yake ba. Tsutsar da maganin zai kashe yana kashe ta. Wadda ta tsira, tun a ƙwai ta zo da abin da zai tsirar da ita, kuma shi za ta gadar wa 'ya'yanta.

A nan ne bambancin ƙwayoyin gado yake shigowa. Haemonchus tana cikin halittun da aka sani da yawan bambanci tsakanin ɗaya da ɗaya. Tsutsotsi biyu daga cikin tunkiya guda, in aka karanta DNA ɗinsu, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinsu, bambancin da ke tsakaninsu ya fi na mutum biyu daga nahiyoyi daban-daban nesa ba kusa ba. Dalilin farko yawa ne. A ɗauka tunkiya tana da mata dubu ɗaya a cikinta, kowace tana zuba ƙwai dubu biyar: miliyan biyar ke nan a rana. Garke mai tumaki ɗari biyu irin wannan yana zuba biliyan ɗaya a filin kiwo kafin gari ya sake wayewa. Duk lokacin da aka kwafi DNA akwai yiwuwar ɗan kuskure, kuma in kwafin ya kai biliyoyi, da wuya a rasa tsutsar da ta zo da kuskuren da ya dace da kowane irin magani, tun ma kafin a ƙirƙiro maganin. Ga shi macen tana saduwa da maza fiye da ɗaya, saboda haka ƙwanta ma ba uba ɗaya ba ne. Ga kuma cinikin dabbobi, wanda yake kwasar tsutsa daga wannan gona zuwa waccan a cikin tumbin ragon da aka saya.

Dangin albendazole ne aka fi fahimtar yadda abin yake faruwa a kansu. Maganin yana manne wa wani furotin mai suna beta-tubulin, wanda tsutsar take gina azarar da ke riƙe ƙwayoyin jikinta da shi. In ya manne, ginin ya tsaya, tsutsar ta kasa sarrafa abinci ta mutu. Furotin jerin tubala ne ɗaruruwa. A 1994 masu bincike a Holan suka nuna cewa in tubali na 200 ya sauya daga phenylalanine zuwa tyrosine, maganin ba ya samun wurin kamawa. Harafi ɗaya ne tak ya canza a DNA. Daga baya aka gano irin wannan sauyi a tubali na 167 da na 198. Wani bincike da aka yi a gonakin Birtaniya aka buga a 2015 ya nuna abin da ya fi wannan tayar da hankali: sauyin bai taso daga tsutsa guda ya bazu ba, ya ɓulla ne sau da dama a zuriyoyi daban-daban, har a gona ɗaya ana iya samun fiye da asali ɗaya. Ma'ana ko manomi ya killace gonarsa bai taɓa sayen dabba daga waje ba, bai tsira ba.

To, ga rariya ga gari. Kowace ɗura tana zubar da masu jin magani ta bar masu taurin kai a sama. In a farko ɗaya ce cikin dubu, ba wanda zai lura. Amma a dubi abin da tsohuwar shawarar take yi. An ɗura wa kowace tunkiya, saboda haka babu cikin da tsutsa mai jin magani ta rage. An kora su filin da babu 'ya'yan tsutsa, saboda haka duk ƙwan da zai zuba a sabon filin na waɗanda suka tsira ne. 'Ya'yansu za su girma su auri junansu. Bayan mako uku, daidai lokacin da sabbin da aka haɗiya za su fara zuba ƙwai, an sake ɗurawa. Da gangan aka so a yi kiwon tsutsa mai taurin kai, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan. Garin gyaran gira aka rasa ido.

A 2001 van Wyk ya buga wata maƙala a mujallar cibiyar binciken dabbobi ta Onderstepoort da ke arewacin Pretoria, inda ya ce abin da aka yi watsi da shi, wanda wataƙila ya fi komai tasiri, shi ne tsutsotsin da ke cikin mafaka. Yana nufin waɗanda maganin bai taɓa ba: na kan ciyawa, da na cikin dabbobin da ba a ɗura wa ba. Su ne suke sirka zuriyar masu taurin kai, kamar yadda ake sirka ruwan zafi da na sanyi. In tsutsa goma ta tsira daga magani ta tarar da dubu goma masu jin magani a fili, jininta ya narke a cikinsu. In ta tarar da fili fayau, ita ce uwar duk wanda zai zo. Ba shi ya fara kawo wannan tunani ba, masana a Ostiraliya da Birtaniya sun taɓo shi tun shekarun 1980, amma shi ya tsaya kai da fata a kansa har ya shiga kunnen likitoci.

Maganar tana da nauyi a bakin likita. Ana ce wa makiyayi ya bar wasu dabbobinsa da tsutsa da gangan. Tambayar da kowane mai garke zai yi ita ce: waɗanne zan bari, kuma ta yaya zan san ba za su mutu ba?

Amsar tana cikin ido

Malan, wanda aka fi sani da Faffa, ya riga ya fara neman amsar tun farkon shekarun 1990. A wata gona kusa da Badplaas a Mpumalanga, inda tsutsar take da ƙarfi ƙwarai a filin da ake ban ruwa, aka daina ɗura wa garke duka. Tumakin sun kusa ɗari huɗu. Kowane mako sai a kama su ɗaya bayan ɗaya a buɗe fatar ido ta ƙasa a duba launinta. Wadda idonta ya yi fari a ɗebi jininta a auna, in jajayen ƙwayoyin jinin sun yi ƙasa sosai a ba ta magani, sauran a sake su. Aka yi haka wajen wata huɗu a tsakiyar lokacin tsutsa. Kimanin kashi 70 cikin 100 na tumakin ba su buƙaci magani ko sau ɗaya ba. Wajen kashi 20 sun buƙata sau ɗaya. 'Yan kaɗan ne suka yi ta komawa. Tumaki masu shayarwa su suka fi shan wahala, waɗanda ba su da ciki ba sa shayarwa kuma suka fi jurewa.

Wannan ya dace da abin da masana suka daɗe da sani, cewa tsutsa ba ta rabuwa daidai a garke. Kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na dabbobin su ne suke ɗauke da mafi yawanta, su ne kuma suke cika fili da ƙwai. Shekara da shekaru ana zuba magani a cikin dabbobin da jikinsu yake iya yaƙin da kansa.

Daga wannan gwaji ne Malan da van Wyk da Gareth Bath na Jami'ar Pretoria suka fitar da katin da ake kira FAMACHA, sunan da aka haɗa daga farkon sunayen Faffa Malan da kalmar Turanci chart, wato kati. Ɗan kati ne mai hoton ido kala biyar, daga ja jawur mai lamba 1 zuwa fari fat mai lamba 5. Ana kara shi kusa da idon dabbar a hasken rana. Mai lamba 1 da 2 a ƙyale ta. Mai 4 da 5 a ba ta magani nan take. Mai 3 kuma a duba halin da take ciki: in ƙarama ce, ko tana shayarwa, ko garken ya fara lalacewa, a ba ta. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar iya karatu. Ina ganin a nan darajarsa take, domin ilimin da ya fito daga karatun DNA ya dawo hannun mai kiwo a siffar da zai iya amfani da ita a bakin turke. A 2004 Ray Kaplan na Jami'ar Jojiya da abokansa suka tabbatar da ingancinsa a tumaki da awakin kudancin Amurka, Barazil ma ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Akwai wata riba ta biyu. In ana rubuta wadda aka ba magani, cikin damina ɗaya za a gane tumakin da kullum su ne a layi. Jure wa tsutsa abu ne da ake gado, saboda haka in aka sayar da waɗannan aka bar masu ƙarfi su hayayyafa, garken da kansa yana ƙara tauri.

Katin ba ya maganin komai, kuma masu shi ba su ɓoye haka ba. Tsutsa mai shan jini kaɗai yake nunawa, waɗanda suke sa zawo da rama ba sa canza launin ido. Farin ido kuma yana iya zuwa daga tsutsar hanta, ko sammore, ko yunwa. A tsakiyar damina sai an duba kowane mako ɗaya ko biyu, wanda aiki ne ja ga mai tumaki dubbai, kuma in aka yi sakaci dabba tana iya faɗuwa tsakanin dubawa biyu. Saboda haka a 2009 Bath da van Wyk suka faɗaɗa shi zuwa duba wuri biyar: ido, da gadon baya don jin ƙiba, da gindin wutsiya don alamar zawo, da haɓa, da hanci. Abu mafi ɗaci shi ne tsarin yana rage gudun matsalar ne kawai. Inda masu taurin kai suka riga suka mamaye gona, ko an daina amfani da maganin shekaru, da wuya ya dawo da ƙarfinsa na da. Van Wyk ya ma gwada kawar da tsutsar gona ya maye gurbinta da mai jin magani da aka kawo daga waje, abin da yake nuna irin ƙurewar da aka kai.

Sabon magani ma bai kawo hutu ba. Monepantel ya fito a Niyu Zilan a 2009, dangi sabo fil bayan kusan shekara talatin ana jira. A 2013 aka ba da rahoton wasu irin tsutsotsin ciki da ba sa jin sa a ƙasar.

Inda tsutsar White River ta ƙare

Ba a bar zuriyarta ta ɓace ba. An ci gaba da rainon ta a cikin tumakin gwaji, har ta kai cibiyar Moredun da ke kusa da Edinbura a Sikotilan. A can aka yi wani aiki mai ban sha'awa: aka haɗa ta aure da wata zuriya mai jin magani, ta hanyar yi wa tunkiya tiyata a zuba mazan wannan da matan waccan a cikinta. Aka tace 'ya'yan da ivermectin, aka sake haɗa waɗanda suka tsira da masu jin magani, har zuriya huɗu. A ƙarshe aka sami tsutsar da kusan duk gadonta na mai jin magani ne, sai ɗan yankin da ke ɗauke da taurin kan. Da aka karanta DNA ɗinta tare da cibiyar Sanger ta Ingila, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna wuri ɗaya a kuromosom na biyar, wato ƙunshi na biyar na DNA ɗin tsutsar. Wata zuriya daga Ostiraliya da aka yi wa irin wannan aiki ita ma wurin ta nuna. Binciken 2022 ya ƙara matsawa kusa, ya ɗora zargi a kan wata ƙwayar gado mai suna cky-1, ya kuma gano sauyin da ke da alaƙa da bijire wa levamisole a wata mai suna acr-8. Amfanin wannan shi ne wata rana a iya gwada kashin garke a san maganin da zai ci kafin a kashe kuɗi.

A 2019 ɗin dai Guillaume Sallé da abokan aikinsa suka karanta DNA na tsutsar Haemonchus guda 223 daga wurare 19 a nahiyoyi biyar. Suka ga tarihin mutane a rubuce a jikinta: dangantaka tsakanin tsutsar Afirka ta Yamma da ta yankin Karibiyan wadda ta dace da zamanin cinikin bayi ta tekun Atilantika, da wata da ta dace da kai tumaki Ostiraliya a zamanin mulkin mallaka. Duk inda aka kai dabba, an kai tsutsarta da gadonta.

Wannan tsutsar ita ce dai take kashe mana tumaki da awaki da damina. A Kudancin Darfur na Sudan, binciken da aka yi a awakin yankin Nyala ya tarar albendazole ya fara gazawa, aka kuma sami sauyi a tubali na 198 na furotin ɗin nan. Awaki suna da tasu matsalar: jikinsu yana narkar da maganin da sauri fiye da na tumaki, saboda haka in aka ba akuya awon tunkiya an ba ta ƙasa da kima, kuma ƙarancin awo yana barin tsutsotsin da taurin kansu rabi ne su tsira. Haka ma ɓantara ƙwaya ɗaya a raba wa dabbobi uku, ko ƙiyasta nauyin rago da ido.

Abin da ya fi damuna shi ne rani. A ƙasarmu in rana ta ƙwalle ciyawa ta bushe, 'ya'yan tsutsar da ke fili suna mutuwa kusan duka. Waɗanda za su kai damina mai zuwa suna cikin dabbobin, da yawansu a lafe a bangon ciki sun dakatar da girma suna jiran ruwa. A wannan lokaci babu mafaka ko ɗaya a waje. Wanda ya ɗura wa garkensa duka a tsakiyar rani ya yi daidai da manomin White River da ya kora tumakinsa fili mai tsabta: duk ƙwan da zai fara zuba da ruwan farko na waɗanda maganin ya kasa kashewa ne. Yammacin Ostiraliya, mai rani irin namu, ta ga haka a garkunanta bayan shekaru tana ɗura wa tumaki a lokacin zafi.